Libarba Mai Jan Ɗigo

Ba zan faɗi sunana ba, ba shi da wani amfani a gare ku. Abin da nake so ku sani tun farko shi ne, ni ba yaron banza ba ne a da. Da za ku je ƙauyenmu a ƙasar Katsina ku tambayi wane yaro ne zai ƙare a gidan yari, da an lissafa muku samari da yawa ba a zo kaina ba. Ni ne wanda ba ya zuwa dandali, wanda ke zama a zaure da littafi, wanda in baƙo ya gaishe shi sai ya sunkuyar da kai. Abin da nake so a duniya shi ne in kwance abu in ga cikinsa. Rediyon gidanmu da tocila da injin ban ruwa duk sun sha hannuna, kuma in na mayar da su ba na barin ko noti ɗaya a waje.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami. Yayana Sale shi ya riƙe gida, shi ya hana a cire ni daga makaranta. Manomi ne, mai ƙatuwar murya da yawan dariya, ba abin da muka yi kama a kai sai hanci. Da labari ya zo cewa na samu tallafin karatun injiniya a Dubai, shi ya zagaya gari yana faɗa wa har waɗanda ba su tambaye shi ba, ni kuwa ina ɗaki ina ɓuya.

A Dubai na samu gado a wani ɗaki a Al Buteen, saman shagunan turare, mu da yawa, gado kan gado. Ban yi aboki ba. A aji ba na magana sai an tambaye ni, in an tashi kuma in shiga jirgin ƙasa in koma. Ranar da ba makaranta sai in je wani gidan abinci da 'yan kasuwar Kano ke cin tuwo, in zauna a lungu. Ba yunwa ke kai ni ba, Hausa nake zuwa ji.

A nan ne wata rana wasu mutum biyu suka baza cajar waya a kan tebur suna gardamar wadda ta fi. Ina ta kallo har ɗayansu ya lura da ni. Ya ce, "Kai malam, tun ɗazu kake kallon cajar nan kamar kana neman aurenta. In kana da magana ka yi." Na ce a hankali, ta hagu za ta yi zafi, wayar cikinta siririya ce, nauyinta ma ya nuna. Ya sa aka fasa ta da bayan cokali, aka ga haka ne. Ya buga tebur ya ce, "Mashallah! Injiniya ke nan zaune a lungu yana cin miyar kuka!" Sunansa Alhaji Ɗanjuma, yana da ofishin kargo, na tura kaya gida, a Port Saeed. Daga ranar bai ƙara kirana da sunana ba, sai Injiniya.

Ku lura da wannan, matasa: ba kuɗi ne suka fara kama ni ba, yabo ne. Ban taɓa samun wanda zai jira maganata kafin ya yanke shawara ba. Na fara zuwa ofishinsa bayan aji, ina duba wa 'yan kasuwa kaya kafin a loda, dutsen guga, tocila, injin markaɗe. A nan na koyi yadda ake aiki. In an duba kaya akan raba su uku. Lamba ɗaya ta manyan shagunan birni ce, lamba biyu ta masu tebur, lamba uku kuwa, wato masu tsaga da masu gardama, a haɗa su a kwali ɗaya a sayar da araha, su bi motocin kasuwannin ƙauye. Ba a zubar da komai. Alhaji yakan ce, "Kayan da ya hau ruwa ba ya komawa, Injiniya. Kowane kaya da mai shi."

Ƙaryata ta farko da shiru na yi ta. Wani dattijo daga kasuwar Kwari ta Kano ya tambaye ni ko injinan markaɗen da zai ɗauka suna da kyau. Na san lamba biyu ne aka sa a kwalin lamba ɗaya. Na dubi Alhaji, ya ɗan girgiza kai, sai na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. Dattijon ya ce, "Yaron nan akwai kunya. Tunda bai ce komai ba, lafiya ke nan." Na kwana ban ji daɗi ba. Shiru na biyu bai kai na farko ciwo ba, na ukun kuwa ba na ma tuna shi.

Wata safiya Alhaji ya ɗauke ni a mota ya kai ni wani sito a Dubai Investments Park, can bayan masana'antu. Ya sa aka rufe ƙofa, ya buɗe wani kwali da aka rubuta kayan ado a jikinsa. Libarba ce a ciki jere, kowace a naɗe da takarda mai maiƙo, irin ƙaramar bindigar nan mai ganga da ke juyawa. Na ja da baya. Ya yi dariya ya ce, "Shwaiya, habibi, a hankali abokina, kada ka suma mini. Na kwaikwayo ne. Na rataya a bango ne da na 'yan fim, ƙara kawai suke yi." Na ce to me za a yi da su a gida. Sai ya daina dariya. Ya ce akwai maƙera da ke gyara su su ci harsashin gaske. Ya ce, "Kai ba ɗan Katsina ba ne? Ba ka jin abin da ɓarayin daji ke yi? Ana shiga gari a kwashe mutane kamar kaji, talaka ba shi da ko gora. Taimako muke yi. Kai dai ka duba mana masu kyau."

Wannan magana ta shige ni, domin gaskiya ce rabinta. A lokacin an riga an kore shanun maƙwabtanmu, kuma kowace waya daga gida da labarin wanda aka ɗauka. Na ce wa kaina aikin lada ne.

Na zauna na yi aikin yadda na iya, ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya kamata ya sa in tashi in gudu. Ƙarfen ba ƙarfen bindiga ba ne, haɗin tutiya ne irin na mariƙin ƙofa, narkakke aka zuba. Wadda na samu a fashe na duba cikinta, duk ƙananan koguna kamar gidan gara. A wasu, in gangar ta juya ba ta tsayawa daidai da hancin bindigar, sai ta ɗan goce, wato harsashi zai fito ya daki gefen ƙarfe maimakon ya wuce. A wasu kuma kunamar ba ta riƙewa, ka ɗan buga bindigar a tebur sai ta saki da kanta. Mai ƙera su bai yi su don wuta ba. Mafi kyawunsu ma ba ta da aminci, marar kyau kuwa ba maƙiyi za ta fara samu ba, mai riƙe da ita za ta ci.

Na gaya wa Alhaji. Wannan karon kam na yi magana. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Abin da ya sa na kawo ka ke nan. Ware marasa kyau gefe, za a mayar wa kamfani. Khalas, shi ke nan." Na sayi jan alƙalamin fenti. Duk wadda gangarta ta goce ko na ga tsaga a jikinta, sai in ɗiga mata ja a ƙarƙashin mariƙi in sa ta a kwali dabam. Ina yi ina jin kamar ina ceton rai. Na san kayan da ya hau ruwa ba ya komawa, da kunnena na ji. Na ga an yi da caja, na ga an yi da tocila. Amma na zaɓi in yarda cewa bindiga dabam ce, domin in ban yarda ba dole in bar wurin, in koma lungu inda ba wanda ya san ni.

Mai tuƙa motar ɗaga kaya a siton wani Bagane ne daga zangon Kumasi, sunansa Razaki, mutum mai barkwanci. Wata rana na zo na tarar kwalayen da na ware ba sa nan. Na tambaye shi ko kamfani ya zo ya ɗauka. Ya ce, "Wane kamfani, cale, abokina? Ni na sa su a kwantena da hannuna, can ciki bayan katifu. Alhaji ya ce lamba uku ne, yana da kasuwansa." Ya ga yadda fuskata ta yi sai ya ce, "Injiniya, ka sha ruwa mana, ka yi fari kamar Balarabe." Bai san abin da ke cikin kwalayen ba, shi kayan ado ya sani.

A nan ne na gane abin da na yi. Da ban taɓa su ba, da munanan sun watsu cikin sauran. Ni na tsince su da hannuna, a tsanake, na tara su wuri guda, na mai da su kaya mafi araha. Kuma na san inda kaya mafi araha ke zuwa. Na je wurin Alhaji, ya ce yana waya. Na jira, na jira, daga baya na tafi. Washegari na koma aiki.

Watanni suka wuce. Wani yammaci ina zaune bakin ruwa a Port Saeed, ina kallon leburori suna loda firij da buhuna a jiragen katako, sai ga hotuna daga Yaya Sale, sannan ya kira. Ya hau tudun bayan gari ne inda ake samun sabis, ina jin iska a wayar. Ya ce ya shiga 'yan sintirin gari, kuma ya sayar da akuya ya sayi abin kare kai a kasuwar mako. "An ce daga Dubai ɗinku take zuwa. Duba mana, Malam Boko, ka ga 'yar'uwarka." Na buɗe hoton. Hannunsa ne, da tabon lauje a babban yatsa, riƙe da libarba. Na ce ya juya ta ya ɗauko mini ƙarƙashin mariƙin. Hoton ya daɗe yana shigowa. Da ya buɗe, ga jan ɗigon nan, har da 'yar jelar da alƙalamin ke bari in na ɗaga hannu.

Yaya ya ce, "Ka ga jan tambarin? Mai sayarwa ya ce shi ne shaidar ta gaske. Duk wadda ba ta da shi jabu ce."

Na ce, "Yaya, irin waɗannan ba su cika aminci ba."

Ya yi dariya har sai da wayar ta yi ƙara. "Kai ka taɓa riƙe bindiga? Kai da in an yanka kaza sai ka shige ɗaki? Ko bokon naka har da harbi ake koyarwa?"

Na ce, "Na karanta ne a wani wuri."

Ya ce, "To mu nan ba karatu ake zuwa yi mana ba. Shekaranjiya sun shiga gonar su Ilu da rana tsaka. Kana so in tare su da littafi?"

Magana ɗaya ce ta rage a kaina. In ce, Yaya, ni na ɗiga wannan ja, na ɗiga ne don za ta fashe, jefa ta a rijiya. Da ya ji. Yaya bai taɓa ƙin maganata a kan ƙarfe ba in ya ga da gaske nake. Amma da na faɗa zai ce, ina ka same ta, me ya kai ka wurin bindigogi, ba karatu muka tura ka ba? Na hango shi tsaye a kan tudu, mutumin da ya cika gari da sunana. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka ajiye ta tukuna, zan bincika." Ya ce, "To Injiniyan Dubai, bincika da kyau. Inna tana gaishe ka." Ya kashe.

Na ce gobe zan kira shi. Gobe ta zo na ce sai na shirya yadda zan fara. Na yi ta shirya magana a kaina, a jirgin ƙasa, a aji, a masallaci, ina gyara ta kamar amsar jarrabawa. Sau ɗaya na kira ba sabis, na ji sanyi a raina, na ce ai na gwada. Ina cikin wannan shiri Inna ta kira ni da wayar maƙwabci. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka yi wa yayanka addu'a, yana asibiti." An hango baƙin babura daga nesa, ya ɗaga bindigar sama don ya yi harbin gargaɗi, ta tarwatse a hannunsa. Harbinta na farko ke nan. Yatsun hannun dama sun tafi, ɓaraguzan ƙarfe sun shiga idanunsa biyu. Baburan ma ashe na 'yan kasuwa ne masu dawowa gida.

Ban san yadda na yi kwanakin da suka biyo baya ba. Na daina zuwa aji. Ban kai kaina wurin hukuma ba, kada in yi muku ƙaryar jarumta. Ina ta zuwa siton ina zama a kan kwali don ban san inda zan je ba, kuma a nan 'yan sanda suka same ni wata safiya da suka zo da karnuka. Alhaji ya riga ya bar ƙasar, har yau ban san inda yake ba. Razaki ya sha tambayoyi kafin a gane ba ruwansa, amma ya rasa aikinsa, wannan ma yana wuyana. Ni kuwa shaidar yatsuna tana jikin kowace bindiga da suka samu. Ban yi musu ba. Kotu ta yanke mini shekaru, ta ce in na gama a fitar da ni daga ƙasar. Makaranta ta kore ni.

Mutane suna tambayata wahalar gidan yari. Akwai ta, amma ba ita ta cinye ni ba. Mai bincike ya taɓa tambayata ta bakin tafinta, bindigogin da na sa wa ja ina suka tafi. Na ce ban sani ba. Wannan amsa ita na zauna da ita duk tsawon zamana. Ta Yaya ɗaya ce tak. Sauran suna ƙarƙashin matashin wani, a aljihun wani, a ɗakin da yara ke wasa, kuma mai ita yana nuna jan ɗigo yana cewa tasa ce ta gaske. Na yi sallah, na yi azumi, na roƙi Allah gafara har goshina ya yi kanta. Amma duk lokacin da na ɗaga hannu sai in tuna cewa haƙƙin mutane ne, kuma ban san ko sunayensu ba balle in nemi yafiya.

Da wa'adina ya cika, daga kurkuku aka wuce da ni filin jirgi, da jakar leda a hannu. Na iso gida na tarar Yaya ya riga ya gama kare ni. Ya gaya wa kowa cewa sharri aka yi mini, ƙaninsa ko allurar wani ba ya ɗauka. Ya rame. Muryar nan ta ragu. Da na durƙusa gabansa sai ya laluba kaina da hannun hagu ya ce, "Ka dawo? To alhamdulillahi. Kada ka damu, wanda ya zalunce ka Allah yana ganinsa."

Na gaya masa bayan 'yan kwanaki, da hantsi, a zaure, yana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya. Ban gyara maganar ba, na zubar da ita yadda take. Ya daina ɓarar.

Ya ce, "Ranar da na kira ka daga kan tudu, ka gane ta?"

Na ce, "Na gane ta."

"Kunyata ka ji?"

Na ce e.

Ya ce, "Da ka zage ni a ranar. Da ka ce, Sale kai jaki ne, jefar da ita. Da na yi fushi mako guda, yanzu kuma ina ganin 'ya'yana." Ya laluba ya tura kwaryar gyaɗar gefe. "Kada Inna ta ji wannan. Ɗa ɗaya ya makance mata, kada ta rasa ɗayan gaba ɗaya." Na riƙe ƙafarsa na ce ya yafe mini. Bai janye ƙafar ba. Ya ce, "Wannan kam ka bar ni tukuna. Zan roƙi Allah ya ba ni yafiyar. In ya ba ni zan gaya maka."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Na bi kasuwannin mako da ke kusa da mu na gaya wa shugabannin sintiri abin da na sani. Wasu sun saurara, wasu sun ce ɓarayi ne suka turo ni don a raba su da makami. Ban ga laifinsu ba.

Ku matasa, musamman ku masu shiru da ake yabo da hankali, da ku nake. Kada ku ɗauka lalacewa sai ga masu shaye-shaye da 'yan daba. Ni ban taɓa ɗaga murya ga kowa ba. In wani ya fara kiranku da babban suna yana dafa kafaɗarku, ku duba abin da yake so ku yi shiru a kai. In kun ga aikin da kuke yi ɓarna ne, kada ku ce bari in tsaya in gyara shi daga ciki, ku tashi ku bar wurin. In kun ga irin bindigar nan ta kwaikwayo a hannun wani naku, komai kyanta, komai abin da maƙeri ya yi mata, ku gaya masa da babbar murya cewa shi za ta fara ci. Kuma in gaskiyar da za ta ceci mutum ita ce za ta tona muku asiri, ku faɗe ta a ranar, a cikin wayar, kafin ya kashe. Abin da na kira kunya a ranar nan tsoro ne kawai, na fifita mutuncina a kan idanun yayana.

Yanzu ni nake kai shi masallaci. Yana dafa kafaɗata, ina gaya masa ga rami, ga dutse, yana cewa to. In an idar yakan daɗe da hannu a sama, ni kuma ina zaune a bayansa ina jira. Damina ta zagayo tun ranar da muka yi maganar nan a zaure. Bai gaya mini komai ba tukuna.